Aljihun da Baba Tela Bai Gyara Ba

Daga Iskandariyya har Aswan babu Bahaushen da ya kai ni sanin Turawa. Shekara ashirin da wani abu ke nan da na sauka Alƙahira da niyyar karatun fiƙihu, in koma gida da rawani da sanda. Fiƙihun ya tsaya a babin tsarki, ni kuma na zarce na zama tafinta. Na yi wa Jamusawa aiki, na yi wa 'yan Ingila, har da wani ɗan Norway da bai taɓa dariya ba sai ranar da zai bar ƙasar. Idan Bature ya shigo lif, kafin mu kai hawa na uku zan faɗa maka ƙasarsu, da abin da ya karya kumallo da shi, da ko uwarsa na raye. Ɗalibanmu na unguwar Hayyus Sabi' idan za su je neman biza, ni suke nema in koya musu yadda ake kallon Bature cikin ido ba tare da an yi masa rashin kunya ba.

A shekarun da yaƙin Sudan ya koro mutane zuwa Masar, ina aiki a wani ofishin agaji a unguwar Muhandisin, hawa na biyar. Aikin ofishin shi ne haɗa 'yan gudun hijira marasa lafiya da asibitoci. Nawa aikin kuma in juya maganar mara lafiya, Larabci ko Hausa, zuwa Ingilishi. Shugabannina biyu ne. Ɗaya Bafaranshiya ce, siririya, mai guntun gashi fari, muna ce mata Madam. Ita ke riƙe da jerin sunayen masu jiran tiyata. Shekara uku muna tare ba ta taɓa tambayata ya iyali ba. Ɗayan Ba'amurke ne, ƙato, idan ya yi dariya sai mai gadin ƙasa ya leƙo ya ga ko lafiya. Shi ke neman masu ba da gudummawa daga ƙasarsu. Kwana biyu da zuwansa ya haddace sunayen 'ya'yana huɗu, har da na wadda ni kaina sai na yi tunani.

Akwai wata kalma da kowannensu ke da ita a harshensu, ita ta ce solidarite, shi ya ce solidariti. Masarawa tadamun suke cewa, mu kuma tsayawa da juna. A kanta suke musu duk lokacin shan shayi. Madam ta ce a ƙasarsu kowa na zubawa a tukunya ɗaya, ko ya so ko bai so ba, kuma duk wanda ciwo ya kama zai ɗiba daga ciki ba tare da ya gode wa kowa ba, don haƙƙinsa ne. Ba'amurke ya ce wannan haraji ne kawai aka yi wa kwalliya. Ya ce a garinsu idan gidan maƙwabci ya ƙone ba a jiran gwamnati, kowa zai fito da guduma da ƙusa, mata su kawo abinci. Madam ta ce, to wanda ba shi da maƙwabci mai guduma fa? Ni ina gefe ina kurɓar shayi ina murmushi irin na wanda ya karanta littafin har bangon baya. Na ce a raina, kowannensu ƙofa ce, kuma mabuɗan duka biyun suna aljihuna.

To, batun aljihu ne ma ya jawo komai.

A Hayyus Sabi', ƙarƙashin matakalar wani bene, akwai wani tsoho mai keken ɗinki. Bahaushen Sudan ne, daga Omdurman, yaƙin ne ya koro shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya tsaya hutawa a bakin Nilu, hutun ya kai jikoki. Hausarsa irin ta da ce, mai nauyi, da Larabci a yayyafe. Kowa Baba Tela yake ce masa. Shi ke yi wa ɗalibai jallabiya, shi kaɗai ne kuma a unguwar ya san yadda ake yanka kaftani ya zauna a kafaɗar Bahaushe. Da keken nan yake ciyar da matarsa da jikoki mata biyu.

Da ƙaramar Sallah ya ɗinka mini kaftani, na sa, sai na ga aljihun dama ya fi na hagu hawa sama da kusan yatsa huɗu. Idan zan ɗauko waya sai na ɗaga gwiwar hannu kamar mai shirin dambe. Na koma masa ina tsiya.

Na ce, "Baba, wannan aljihun na haƙarƙari ne? Ko so kake ɓarayin jirgin metro su nemi tsani?"

Ya karɓi rigar ya kai ta daf da hancinsa, ya karkata kai gefe guda yana dubawa da idon hagu. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗana. Bar shi, idan idon ya yi sauƙi zan gyara maka."

A nan na gane idon dama ya riga ya tafi, ya ɓoye wa kowa. Na ja shi zuwa wurin likitan ido a Giza. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin jijiyar gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya ce na hagu yana da sauran rai, amma maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, sai tiyata, kuma kada a bari sanyi ya shigo ba a yi ba. A lokacin bazara ce ta fara.

Na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, ya faɗo hannun wanda ya san hanya.

Na fara kai shi wurin Madam. Ta yi masa tambayoyi, ina fassarawa kalma da kalma, don ita ina tsoronta. Yaya ya zo Masar? Ya ce a motar haya, kwana huɗu, alhamdulillahi. Yaya idon? Ya ce da sauƙi. Mutumin da ya kusa zama a kan kwandon shara don bai ga kujera ba, wai da sauƙi. Madam ba ta damu da wannan ba, takardar likita ta karanta. Ta rubuta sunansa, ta ce bisa ga jerin, layinsa zai zo wajen ƙarshen zafi.

Da Baba ya fita na rufe ƙofa na rage murya. Na ce, "Madam, tsohon nan kamar uba yake a wurina. Alƙalami a hannunki yake. Ɗan matso da shi sama."

Ta juyo da takardar ta fuskance ni, ta miƙo mini alƙalamin. Ta ce, "Zaɓi wanda za mu sauko da shi. Ga wata mai 'ya'ya biyar. Ga wani direba. Zaɓi, ka kira shi ka gaya masa da bakinka."

Na ce ai ba haka nake nufi ba.

Ta ce, "Haka kake nufi, ba ka so ka ga fuskarsa ne kawai. Idan na ɗaga abokinka don abokinka ne, jerin nan ya zama na masu abokai. Likita ya ce kafin sanyi, ni na ce ƙarshen zafi. Zai isa. Ka bar shi a layi."

Na fito ina cewa a raina, wannan mata ko a ranar tashin alƙiyama sai ta nemi lambar layi. Ƙarshen zafi da farkon sanyi tazararsu kaɗan ce, kuma ni ban yarda da abin da ba a roƙa ba. A inda na tashi, abin da ka samu ba tare da ka san wani ba, ba ka same shi ba tukuna. Sai na zaro mabuɗi na biyu.

Ba'amurke ko gama jin labarin bai yi ba ya ɗauki jakarsa. Washegari da hantsi muka shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa har Hayyus Sabi'. Ya zauna a ƙasa cikin ƙyallaye, ya ci kisra, gurasar 'yan Sudan, da miyar kuɓewa da hannu, ya ƙone da barkono ya ce a ƙara. Ya rungumi Baba har hularsa ta faɗi. Gaskiya ban taɓa ganin Bature ya shiga gidan talaka da zuciya ɗaya haka ba. Ya ce ba sai an jira layi ba, akwai asibitin kuɗi, kuma mutanen garinsu za su tashi tsaye. Sai dai, in ji shi, mutane ba sa bayarwa don takarda, sai sun ga fuska sun ji labari. Yana so ya ɗauki Baba a bidiyo.

Baba ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, wannan ba bara ba ce? Kakana bai yi bara a hanyar Makka ba."

Na ce, "Haba Baba, gaisuwa ce kawai. Haka suke gaisawa a ƙasarsu."

Aka kafa waya a kan keken ɗinki. Ba'amurke ya ce ya faɗi wahalar da ya sha. Baba ya gyara zama ya ce, "Alhamdulillahi. Mun fito lafiya, mun iso lafiya. Allah ya rufa asiri. Akwai waɗanda suka fi mu shan wuya." Na fassara. Na ga fuskar Ba'amurke ta sauko kamar tayar da aka sace wa iska. Ya sake tambaya ta wata hanya. Baba ya ce Masarawa mutanen kirki ne, burodinsu da araha. Ya sake. Baba ya yi wa iyayen Ba'amurke addu'a.

Na san mutanenmu. Tsohon Bahaushe ko wuƙa ce a cikinsa, idan baƙo ya tambaye shi zai ce da sauƙi. Na kuma san Amurkawa, ko in ce haka na ɗauka. Sai na ga ai aikin tafinta ya wuce juya kalmomi, wani lokaci sai ya zuba gishiri. Da Baba ya sake cewa alhamdulillahi, ni kuma na ce da Ingilishi ya ratso hamada a ƙafa. Na ga idon Ba'amurke ya kawo ruwa, sai bakina ya samu gangara. Kwana huɗu suka zama arba'in. Motar haya ta ɓace, keken ɗinki ya hau kan Baba. Da aka zo kan ido, na ce 'yan bindiga ne suka buge shi da gindin bindiga a wani shinge, don ya ƙi ba su keken.

Baba ba ya jin Ingilishi. Duk lokacin da na numfasa sai Ba'amurke ya dube shi, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, ɗana, haka ne." Dattijo ba ya ƙaryata wanda ya kawo masa baƙo a gaban baƙon. Da na ce shi ne sarkin Habasha ma haka ne zai ce.

Bidiyon ya yi aiki. Cikin mako guda Ba'amurke yana bina da waya a ofis yana nuna mini saƙonni: wata tsohuwa ta ce mijinta ma tela ne, wasu 'yan makaranta sun yi gasa, wani coci sun sa sunan Baba a addu'a. Ni kuwa tafiyata ta canja. A gidan shayin unguwa na ba da labarin sau tara, kowane da ƙarin kwanaki a hamada.

Ranar wata Lahadi Madam ta kira ni. A kan teburinta ga fayil ɗin Baba, ga bidiyon a kwamfuta an tsayar da shi daidai inda bakina ke buɗe.

Ta ce, "A nan ya ce mota, kwana huɗu, ciwo. A nan ya ce ƙafa, kwana arba'in, bindiga. Kai ka fassara duka biyun. Wanne ne?"

Na fara cewa ai Hausa harshe ne mai faɗi. Ta dube ni kawai. Sai na faɗi gaskiya.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce kwamitin asibitin da ke karɓar marasa lafiyarmu sun riga sun ga bidiyon. Doka ce, duk fayil mai labari biyu a cire shi daga layi sai an sake tantancewa, da wani tafinta daban. Na ce laifina ne, a hukunta ni. Ta ce za a hukunta ni, amma shi ma ga shi nan yana gyaɗa kai. Na ce ta rufe ido sau ɗaya tak.

Ta ce, "Idan na rufe ido a kansa, kalmata ba ta da daraja a kan sauran. Da kalmar nan kaɗai nake samar musu gado a asibiti."

Na ruga wurin Ba'amurke, ai dama akwai ƙofa ta biyu. Da ya ji, ya zauna ya riƙe kai. Ya ce, "Ɗan'uwana, tsohuwar nan ta ba da abin da ta bayar ne don ta yarda da ni." A ranar ya rubuta wa kowa ya faɗi gaskiya, ya mayar musu da abinsu. Ban san Bature na iya kuka da fushi da yafiya duk a zama ɗaya ba sai a wurinsa. Ya ce kada in damu, za a yi sabon bidiyo na gaskiya. Aka yi. Tsoho mai fara'a yana cewa alhamdulillahi, burodi da araha. Waɗanda aka taɓa yi wa ƙarya ba su dawo ba, sababbi kuma suka ga mutumin ai ya fi su kwanciyar hankali.

Ana cikin haka sai aka rufe famfon kuɗin agaji daga ƙasarsu, aka soke kujerar Ba'amurke. Ya zo sallama ƙarƙashin matakala, ya sake kayar da hular Baba, ya cire baƙin gilashinsa ya sa masa. Ya ce ba zai taɓa mantawa da shi ba, kuma bai manta ba. Har yau duk Juma'a yana turo mini saƙo yana tambayarsa, da hoton hannaye biyu a haɗe.

Rufe famfon ya taɓa jerin Madam ma, aka ce za a rage yawan tiyata. Sai ta tara ma'aikata ta ce a yi yajin aiki. A Masar ba a fita titi da kwali, don haka a cikin ofis muka yi, muka jeru a baranda ta ciki muna kallon juna. Na ce, "Madam, ranar sake tantance Baba tana cikin makon nan." Ta ce ta sani, ta kuma san sunayen sauran da yajin zai jinkirta, amma idan ba a yi ba rabin jerin zai tafi gaba ɗaya. Mako uku muka yi. Ta yi nasara, an mayar da guraben. Aka sake sa wa Baba rana, a bayan duk waɗanda suka taru.

Kada a ce mu Hausawa mun zauna. Mun zo dubiya kamar ana rabon fili. Ɗalibai, 'yan kasuwa, 'yan Nijar, 'yan Sudan, takalma har bakin titi. Kowa ya kawo lemo ya sha shayi kofi biyu, har matar Baba ta fara aron sukari. Wani ya ce zamzam, wani ya ce tozalin Madina, wani ya ce a garinsu an yi wa wani tofi ya wayi gari yana karanta jarida. Bayan sallar Juma'a aka zagaya da hula, ɗaliban da su ma da ful da ta'amiyya, wato wake da ƙosai, suke kai wata, abin da aka samu ya sayi maganin ɗigawa. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, da zuciya ɗaya kuwa. Ba wanda ya san ni na jawo. Wasu ma har suna ce mini sannu da ƙoƙari.

Layin Baba ya zo lokacin da masu gasa dankali suka cika tituna, mutane na yawo da rigunan sanyi. Na kai shi asibiti. Madam ta zo da kanta, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Likita ya haska fitila a idon, ya sake haskawa, ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Baba ya ce, "Ka faɗa mini, ya duktur, na yarda da kai." Likita ya kashe fitilar ya ce babu abin da ya rage da za a yi wa tiyata.

Madam ta riƙe hannun Baba. Sannan ta fita baranda ta buga waya. Kafin azahar an kawo wata matashiya daga unguwar Faisal an ba ta gadon. A hanyar fita ta ce mini, "Ita za ta gani." Na kasa gane ko ta'aziyya take yi mini ko mari. Har yau ban gane ba.

Ofishin ya rufe daga baya. Madam ta koma wata ƙasa da wani jerin. Ni yanzu masu zuwa asibiti daga Najeriya nake rakawa, ina fassara musu kalma da kalma kamar mai karatun wasiyya. Keken Baba yana nan an lulluɓe shi da zane, matarsa na sayar da turaren wuta a bakin matakalar.

Sai da na yi wata uku kafin na iya gaya masa. Na je da la'asar, sanye da kaftanin nan, na same shi zaune da gilashin Ba'amurke a fuska. Na faɗa masa hamadar, da kwana arba'in, da gindin bindiga. Ni kuma shiru ba ya zama a bakina, sai na shiga yi masa bayani. Na ce matsalar ita ce Faransawa suna son jama'a amma ba sa ganin mutum, Amurkawa suna ganin mutum amma sai ya yi musu kuka mai daɗin ji. Na ce ita tana ganin taimako haƙƙi ne, shi yana ganin kyauta ce, mu kuma mun ɗauke shi ziyara. Na kawo misalai daga Jamusawa da ɗan Norway. Na yi kusan rabin sa'a, kuma a gaskiya bayanin ya yi kyau.

Baba ya miƙo hannu yana laluba gaban rigata, har yatsunsa suka sami aljihun dama a can sama inda ya bar shi. Ya shafa ɗinkin a hankali.

Ya ce, "Ɗana, da wanda bai san Turawa ba ne ya kai ni, da yanzu na gyara maka aljihun nan."